Furanni Masu Jan Zare

Ranar da aka ce gobe za a kulle Kuala Lumpur saboda korona, mutane shinkafa da man girki suka yi ta jida. Hauwa'u kuwa tukwanen shuka goma sha biyu ta jido daga ɗakin sanyi na jami'a, ta hau da su hawa na tara a gidanta da ke unguwar Taman Melati, biyu-biyu, har mai gadin ginin ya tambaye ta ko ganyen miya ne. Ba na miya ba ne. Digirinta na uku ne a cikin tukwanen nan.

Shukar wata 'yar gajeriya ce mai furanni ruwan hoda, wadda ba ta yarda ta fito ko'ina sai can saman Bukit Fraser, inda gajimare ke sauka ya kwanta a kan bishiyoyi. Shekara biyu Hauwa'u tana hawa tsaunin nan da littafi da kyamara, tana neman amsar tambaya guda: wane ƙwaro ne ke ɗaukar garin fure daga wannan ya kai wa wancan, har shukar ta yi 'ya'ya? Takan bar gida bayan sallar asuba, ta isa wajen ƙarfe tara, ta zauna a kan 'yar kujera har la'asar. Ta ga tururuwa. Ta ga malam-buɗe-littafi ya wuce ko kallon furen bai yi ba. Matsattsaku kuwa ya sha jininta har ya gaji. Mai aikin dai ba ta taɓa sa shi a ido ba, amma duk shekara sai shukar ta cika da 'ya'ya kamar da gayya. Sau ɗaya take fure a shekara, wa'adin karatun Hauwa'u kuma a Disamba zai cika. In furen bana ya wuce babu amsa, babin ƙarshe na kundinta ya tafi, ita ma sai ta tattara ta koma Dutse hannu Rabbana.

Shukar tsauni ba ta jure zafin birni, ɗaki ɗaya ne kuma mai na'urar sanyi a gidan, wanda ta sauki mahaifinta a ciki. Malam Hambali manomin dabino ne. Ya zo a watan Fabrairu aka cire masa yanar ido, da niyyar ya yi wata guda ya koma gonarsa, sai jirage suka tsaya cak. Da ya ga an jera tukwane a gindin tagarsa an kuma ƙure sanyi, sai ya jawo bargo ya dubi 'yarsa.

"Kulu," haka yake kiranta tun tana goye, "yanzu ni ne baƙon ko su?"

"Duk baƙina ne, Baba. Sai dai su ba sa iya rufa da bargo."

Tun da tsauni ya gagara hawa, sai ta shirya gwajin da za a iya yi a ɗaki. Tana da yadin gidan sauro da ta taɓa saya a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, ta yanka shi ta ɗinka 'yan jakunkuna. Duk tohon da ya kusa buɗewa sai ta sa masa jaka don kada wani ƙwaro ya kai gare shi. Rabi ta ɗaure da shuɗin zare: waɗannan ita za ta zame musu ƙwaro, ta ɗebo gari daga wata tukunya da ɗan burushi ta shafa musu. Rabi ta ɗaure da jan zare: waɗannan ba mai taɓa su, don a ga ko shukar za ta iya 'ya'ya ita kaɗai. Abin da kowa ke tsammani shi ne masu shuɗi su kama, masu ja su zube.

Malam Hambali yana zaune a bakin gado yana kallo da sababbin idanunsa. Tun da aka yi masa aikin nan komai sai ya ƙura masa ido, har tururuwar da ke bin bango sai ya raka ta ya ga inda za ta.

"Wannan ɗaure-ɗauren fa na mene ne?"

"Aikin makaranta ne, Baba."

"To shi jan da shuɗin?"

"Bayanin da tsawo. Ka dai huta abinka."

Haka ta sallame shi, kamar yadda ake sallamar yaro mai yawan tambaya. Ba raini ta nufa ba, ita dai a ganinta mutumin da bai zauna a aji ba, ina za a fara masa? Shi kuma bai sake tambaya ba.

Azumi ya kama su a kulle. Bayan sahur da sallar asuba Hauwa'u takan koma ta kwanta, sai wajen goma ta shiga ɗakin da burushinta ta bi masu shuɗin zare ɗaya bayan ɗaya. Malam Hambali bai san barcin safe ba tun yana saurayi. Abin da yake yi tsakanin asuba da hantsi, ba ta taɓa tambaya ba. Ta ɗauka lazimi ne.

Sati uku da fara gwaji abin mamaki ya bayyana. Furanni ashirin masu shuɗin zare, waɗanda ta bi da hannunta, duk suka yi yaushi suka zube cikin jakunkunansu. Masu jan zare kuwa, goma sha bakwai cikin ashirin suka kumbura, kowanne da ɗan kore kamar ƙwayar gujiya.

Ta ƙirga sau uku. Ta duba ko ta rikita zaren, ta ga ba ta rikita ba. Ta ɗaga kowace jaka a hasken taga tana neman huda, babu. Ta zauna a ƙasa tsakanin tukwane tana magana ita kaɗai. To ko burushin ne ke ji wa furen ciwo? Ko shukar ba ta son garin baƙo, nata take so? In haka ne, ai shi ya sa shekara biyu ba ta ga kowa ba: babu wanda za a gani. Shukar ita ke yi wa kanta komai, ta bar baiwar Allah tana ciyar da matsattsaku a banza. Murna ta kama ta har yunwar azumi ta tafi.

Ranar ta kira malamar da ke duba aikinta, Dokta Noraini, ta bidiyo, ta nuna mata 'ya'yan ɗaya-ɗaya. Matar ta gyara tabarau ta matso da fuska.

"Goma sha bakwai? Ban taɓa jin haka a dangin shukar nan ba. In ya tabbata, babinki ya gama rubuta kansa. Amma ki sake dubawa dai, Hauwa. Abin da ya yi daɗi da yawa ina ɗan jin tsoronsa."

Malam Hambali yana daga gefe. Turanci ba ya ji, amma fara'a ba ta buƙatar tafinta.

"Sun kama ko?" ya tambaya bayan ta ajiye wayar.

"Sun kama, Baba."

"Madalla." Ya shafa gemu yana murmushi, irin murmushin wanda ya san wani abu. Ita kuwa hankalinta na kan kwamfuta.

Kwana huɗu tana rubutu. Rana ta biyar ta zo cire jakar wani da ya girma, don ta auna shi, sai zaren ya ƙi kwancewa yadda ta saba. Ita ɗaurin takalmi take yi, a ja kunne ɗaya ya warware. Wannan kuwa an naɗe shi sau biyu an soke bakin a ƙarƙashi. Ta duba na kusa da shi, haka. Ta bi masu ja duka, haka. Masu shuɗi ne kaɗai ke da ɗaurinta.

Ta san ɗaurin nan. Tana 'yar shekara bakwai takan tsaya a gindin dabino ta ɗaga kai, mahaifinta yana can sama da reshen furen namiji a baki, ya cusa shi cikin na macen, ya yago ganye ya naɗe sau biyu ya soke. Gabanta ya faɗi. Duk da haka ta bar maganar sai da safe, don zuciya tana son a ce mata ƙarya ne.

Washegari bayan asuba ba ta koma barci ba. Ta jira gari ya fara haske, ta tura ƙofar a hankali. Ga Malam Hambali tsugune gaban tukwane, bargo a kafaɗa, ya kwance wata jaka mai jan zare cikin sababbin da ta ɗaura. A hannunsa akwai wani sabon asuwaki da ya tattauna bakinsa ya yi laushi. Ya dangwala shi a furen tukunyar can gefe, ya kawo ya taɓa tsakiyar wannan, a hankali, kamar mai sa wa jariri kwalli.

"Baba."

Ya waiwayo, ko alamar an kama shi babu. "A'a, Kulu, yau ba barci? Zo ki ga wannan, jiya da yamma ya buɗe."

"Me kake yi?"

"Aure nake ɗaura musu, irin na dabino. Na ga masu shuɗi kina bin su kullum, masu ja kin bar su gwagware. Na ce yarinyar nan aiki ya yi mata yawa, ga azumi, bari in rage mata. Ban faɗa miki ba don kada ki ce in huta."

Hauwa'u ta dafa bango. Sati huɗu, furanni arba'in, babin da ta kusa gamawa, da maganar da ta riga ta kai wa Dokta Noraini, duk sun tafi a banza.

"Baba, masu jan nan da gangan na bar su. Su ne gwajin. So nake in ga abin da za su yi in ba wanda ya taɓa su. Yanzu ka taɓa su duka, sakamakon ya lalace gaba ɗaya. Shekara ɗaya ka rushe mini, Baba. Wa ya sa ka?"

Ba ta taɓa yi masa magana da wannan murya ba. Tsohon ya dubi asuwakin da ke hannunsa, ya dubi furen, ya mayar da jakar ya ɗaure da ɗaurin nan nasa, don hannunsa bai san wani ba.

"Ba wanda ya sa ni," ya ce. "Na tambaye ki, kika ce bayanin da tsawo. Ki yi haƙuri."

Ta fita ta shiga ɗakinta ta yi kuka mai isarta. Haushinsa take ji, tana kuma jin kunyar kanta, don ta san inda gaskiya take. Wani tunani ma ya zo mata, mara kyau: wa ya sani ban da su biyu? Jakunkuna ba sa magana, Baba ba ya jin Turanci. Ta bar tunanin ya zauna kusa da ita na ɗan lokaci, sannan ta tuna azumi ne a bakinta, ta kore shi.

Da la'asar ta sauka kedai, shagon abincin da ke ƙasan ginin, ta yi musu tapau, wato abin buɗa-baki a ƙunshe. Suka sha ruwa ba mai kallon wani. Amma akwai abin da ke cin ta tun hantsi, ya fi haushin ƙarfi, kuma duk yadda ta juya shi ya ƙi kwanciya. Gari ɗaya suka ɗiba. Tukwane ɗaya, ɗaki ɗaya. Ita da burushin da aka yi don aikin, ashirin babu ko ɗaya. Shi da asuwaki, goma sha bakwai.

"Baba," ta ce tana kallon kofinta, "ka yafe mini maganar safe."

"Ya wuce."

"To me ya sa naka suka kama, nawa suka zube?"

Ya ajiye dabinon da ke hannunsa, wanda tun zuwansa yake kushewa wai ba shi da zaƙin na gida. "Ni ma na yi ta mamakinki. Na ce ko a makaranta haka aka ce a yi. Ke sai rana ta take kike zuwa, bayan sun rufe kasuwa."

"Wace kasuwa? Ai a buɗe suke har yamma."

"A buɗe ga mai kallo. Kin taɓa shinshina su da asuba?"

Ba ta taɓa ba. Shekara biyu, ta auna tsawon furen, ta ƙirga ganyensa, ta san sunan kakanninsa da Latin, amma ba ta taɓa ganinsa kafin ƙarfe tara ba.

Da asubar gobe su biyu suka tsuguna. Tun daga ƙofa ta ji wani ƙamshi siriri, kamar na lemon tsami da aka murza ganyensa. Malam Hambali ya nuna mata kan ɗan tsinken da ke tsakiyar furen. Akwai ɗigon danshi a wurin, ƙanƙane, yana ƙyalli. Ta sa gilashin ƙara girma ta gani sosai.

"Wannan in yana nan, gari zai manne," ya ce. "Ki zauna ki gani."

Ta zauna da agogo. Bakwai da rabi ɗigon ya fara ja baya. Kafin takwas ya bushe ƙaf, ƙamshin ma ya ɗauke, furen ya koma yadda ta san shi, kyakkyawa kuma kurma. Hauwa'u ta yi dariya har da riƙe baki. Ashe duk ranar da ta hau tsauni, tana can tana fama da kwanar hanya ake cin kasuwar a watse, ita kuma ta iso ta zauna gadin rumfuna.

Ranar ta kira Dokta Noraini ta faɗa mata komai, har asuwakin. Matar ta ce babin da aka rubuta sai a zubar, wannan ba makawa. Toho nawa ya rage? Tara. Tara ba sa isa kundi, in ji ta, amma suna isa su nuna hanya. Sauran kuma sai in an ga mai zuwa da asubar ido da ido, in an buɗe hanya kafin furen tsauni ya ƙare.

Wannan karon Hauwa'u ta zauna ta yi wa mahaifinta bayanin nan mai tsawo, bai kuma ɗauki minti biyar ba. Uku ba mai taɓawa, uku da asuba, uku da hantsi. Shi ne ma ya gyara mata, ya ce a ɗebo garin duka daga tukunya ɗaya, kada a ce wani namijin ya fi wani. Na asuba ukun suka kama. Sauran shida suka zube, har da masu jan zare, waɗanda Malam Hambali ke wucewa ta gabansu yana kau da kai kamar mai wuce maraya.

Aka yi sallah a ɗaki. Sai ranar goma ga Yuni aka yarda a tsallaka daga jiha zuwa jiha, tsaunin kuwa a wata jiha yake, kuma furen tsauni yakan kai ƙarshen Yuni in an yi sa'a, don sanyin can yana jinkirta shi. Washegari suka hau, kowa da takunkumi, Malam Hambali yana riƙe da kujerar mota a kowace kwana yana salati. Suka kwana a wani ɗan masauki a saman.

Suka yi asuba suka fita da tocila. Furanni kaɗan suka rage, a jikin wata shuka da ke bakin gangare. Hauwa'u ta kafa kyamara, ta buɗe littafinta, ta kashe tocilar. Sanyi ya ratsa bargon Malam Hambali, amma yau bai yi ƙorafi ba. Ƙamshin nan ya taso, ya fi na ɗaki ƙarfi. Shida da rabi, ba kowa. Bakwai saura kwata, gari ya fara rarrabe ganye da ganye, ba kowa. Ta fara lissafin kwanakin da suka rage wa furen.

"Kulu," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kada ki motsa. Dubi na ƙasan can, ta hagu."

Ba ta ga komai ba, sai da ta ji ƙugi. Wani baƙin ƙudan zuma ne mai kauri, ba irin na amya ba, ya rungume furen yana karkarwa, gari na zubo masa a ciki. Ya tashi ya faɗa na gaba, ya goga cikinsa daidai kan ɗigon nan. Wani ya zo, sannan wani. Ta danna kyamara. Shekara biyu take neman wannan bawan Allah, ashe shi ma ɗan asuba ne.

Malam Hambali ya matsa kaɗan, ya ƙura masa idanun nan da aka wanke.

"Sannu da aiki," ya ce wa ƙudan. "Ashe kai ne. Na riƙe maka wurin wata guda, ka ga abin da ya jawo mini."

Kafin takwas duk sun watse. Hauwa'u ta zauna a kan 'yar kujerarta tana cike layukan littafin: rana, lokaci, yawan zuwa, daɗewar kowanne a kan fure. Layin ƙarshe na sunan wanda ya gani ne, inda shekara biyu take rubuta nata ba tare da tunani ba. Ta tsaya da biro a sama. Sannan ta rubuta Hambali Bello, Dutse, ta juya littafin ta miƙa masa.

Boko bai yi ba, amma ya san zanen sunansa. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Matso, Baba," ta ce. "Bari in yi maka bayani."